DAGA ZAUREN UWARGIDA: Ciwon Cikin Da Ba Ya Jiran Maigida Ya Dawo

   

A fitowar da ta gabata na yi muku alƙawarin za mu ci gaba da maganar yaye, to amma ku yi mini afuwa, wani abu ya taso wanda ya sa na ga ya fi dacewa in jingine waccan magana zuwa wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.

Kwanakin baya a ajinmu na matan aure na dare a nan Makarfi, bayan an tashi kowa ta watse, sai wata baiwar Allah ta tsaya a bakin ƙofa tana ta murza gefen hijabinta. Da na tambaye ta ko lafiya, sai ta miƙo mini wata takarda a ninke, ta ce, "Malama, ki sa ni a addu'a, an ce ina da ƙari a hanta." Ashe ta je an yi mata sikanin ne saboda ciwon olsa da ke damunta, mai ɗaukar hoton ya ce mata hantarta tana da ƙari ta ƙasa. Kin san mu Hausawa da an ce ƙari, zuciya sai ta tafi ga ciwon daji. Kwana 4 ke nan ba ta iya cin abincin kirki, har ta fara gaya wa babbar 'yarta inda ta ajiye 'yan kunnenta da waɗanda take bi bashi.

Ni dai ba likita ba ce, abin da na karanta a kwaleji Larabci ne da darasin addini. Saboda haka na karɓi takardar na kai wa wata 'yar uwar maigidana da ke aikin likita a Zariya. Tana dubawa sai ta yi murmushi ta ce, wannan ai ƙarin halitta ne, wato wani ɗan sashe na hanta da ya ƙaru a kan wadda aka saba gani, lafiyayye ne kamar sauran hantar, kuma da shi aka haife ta. Na zauna na yi ta jero mata tambayoyi har aka kira la'asar, domin matambayi ba ya ɓata. Abin da na fahimta daga gare ta, da wanda na bincika daga baya, shi na kawo miki yau.

ƘARIN HANTA DA MURƊEWARSA

Duk wadda ta taɓa gyaran kayan cikin ragon layya ta san hanta, ta san santsinta da nauyinta, ta kuma san 'yar jakar nan mai ɗaci da ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata nama, wato matsarmama. To tamu ma kusan haka take. Tana zaune a saman ciki ta ɓangaren dama, haƙarƙari ya yi mata rumfa, kuma a babban mutum nauyinta yakan kai wajen kilo 1 da rabi. Ita ke tace jini daga guba, ita ke ajiye sukarin da jiki zai nema daga baya, ita ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, sannan ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an yanke.

Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, a makonnin farko da ake halittar kayan cikinsa, wani lokaci sai ɗan yankin hanta ya tsiro daban. Iri biyu ne ya kamata ki sani. Na farko shi ne wanda yake zarowa ƙasa daga ɓangaren dama kamar harshe, a manne da uwar hantar sosai. Wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Bernhard Riedel ya yi bayaninsa a shekarar 1888, har yau da sunansa likitoci ke kiran abin, kuma ya fi yawa ga mata. Irinsa ne ɗalibata take da shi. Yawanci ba ya ciwo, ba ya buƙatar magani, mace za ta haihu ta tsufa da shi ba ta ma san yana nan ba.

Na biyu shi ne wanda yake reto a jikin wata siririyar igiya ta nama, kamar yadda mangwaro yake reto a jikin reshe. A cikin igiyar nan jijiyoyin da ke kai masa jini da masu dawo da shi suke bi. Wannan shi ne mai haɗari, domin duk abin da yake reto yana iya juyawa, idan kuwa ya juya igiyar ta murɗe.

Ki ɗauki zare ki naɗe ɗan yatsanki da shi na ɗan lokaci, za ki ga kan yatsan ya kumbura, ya yi ja, sannan ya fara duhu. Dalili shi ne jijiyoyin da ke mayar da jini laushi gare su, su ke fara toshewa, alhali masu kawo jini suna ci gaba da turowa. Jini na shiga ba ya fita, sai wurin ya cika ya kumbura, daga ƙarshe hanyar shigar ma ta rufe, naman ya mutu ya fara ruɓewa. Haka yake faruwa ga ƙarin hantar da ya murɗe. Mai shi zai ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a saman ciki ta dama ko a ƙahon zuciya, da tashin zuciya da amai, wani lokaci da zazzaɓi, wani lokaci ma a taɓa a ji kamar curi a wurin.

Kada gabanki ya faɗi, 'yar uwa. Masu ƙarin hanta mai reto ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, waɗanda nasu ya murɗe kuwa, duk duniya abin da likitoci suka rubuta bai wuce 'yan gomomi ba. Da dama daga cikin yaran da abin ya samu, waɗanda aka haifa ne da kayan cikinsu a waje cikin wata jaka a gindin cibiya aka yi musu aiki suna jarirai, don haka uwar da ke da irin wannan yaro ta riƙa faɗa wa likita tarihinsa duk lokacin da ciki ya dame shi. Sannan ki sani wannan daban yake da ciwon hantar da muka sani, mai sa shawara, wanda ƙwayar cuta ke kawowa ake kuma yi wa jarirai allurar rigakafinsa da zarar an haife su. Ƙarin hanta ba a ɗaukarsa a wurin kowa, ba abinci ke kawo shi ba, ba kuma hannun kishiya a ciki.

YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE MAGANINSA

Gane shi yana ba likitoci wuya, saboda ciwon yana kama da na matsarmama, yana kama da olsa, yana kama da afendis. Gwajin jini ma yakan fito lafiya lau, ko ya nuna ɗan canji kaɗan. Abin da aka fi farawa da shi shi ne sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda zai nuna curi kusa da hanta. Akwai wani salo na wannan sikanin da ake kira dofla, mai nuna gudun jini a cikin jijiya, idan aka ga curin ba jini a cikinsa sai a fara zargin murɗewa. Daga nan sai babban hoton nan na siti sikan, wanda ake sa wa mutum wani ruwa ta jijiya, duk inda jini ke zuwa ya yi haske, inda ya mutu ya zauna da duhunsa. Duk da haka, sau da yawa sai an shiga ɗakin tiyata an duba da ido ake tabbatar da ko mene ne.

Ki riƙe wannan da kyau, domin zai yi miki amfani wata rana: idan likita ya ce ciki yana buƙatar aiki yanzu yanzu amma bai gama tantance sunan ciwon ba, kada ki ɗauka bai san aikinsa ba ne. Alamun da ya gani a jiki sun ishe shi sanin cewa jira ya fi buɗewa haɗari.

Maganinsa tiyata ce kawai. Ba ƙwaya, ba allura, ba jiƙo ko sassaƙen da zai shiga ciki ya warware igiyar da ta murɗe. Likita zai ɗaure igiyar daga tushe ya yanke mataccen yankin ya fitar, idan matsarmama tana manne da shi a haɗa da ita, kuma mutum yana rayuwarsa lafiya ba tare da ita ba. A wasu manyan asibitoci ana yin aikin ta 'yan ƙananan huda da kyamara ba tare da dogon yanka ba. Uwar hantar tana nan tana aikinta, kuma Allah cikin ikonsa ya yi hanta da baiwar sake tofowa idan an yanki wani sashe nata. Wanda aka yi wa aikin da wuri yakan warke sarai. Wanda aka bari kuwa, ruɓar tana iya watsuwa ta gurɓata ciki da jini gaba ɗaya.

Na koma na yi wa ɗalibata wannan bayani, na ce nata mai mannewa ne, ta adana takardarta ta riƙa nuna wa duk likitan da zai duba ta. A daren ta ce da ta koma gida sai da ta cinye tuwon da ta ajiye wa yara na ɗumame.

MURƊEWAR DA TA FI KUSA DA MU

Za ki ce, to Malama, abin da da wuya a gamu da shi, me ya sa kika cika mana shafi da shi? Dalili shi ne hanta ba ita kaɗai ke da abin da ke reto ba. Akwai wasu sassan jiki da ke murɗewa ta wannan hanya, kuma su kam suna nan a gidajenmu na Ikara da Makarfi da Kudan, muna kiransu da wasu sunaye muna jiƙa musu kanwa.

Na farko, ƙwan mace. Kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu a gefen mahaifa. Idan ƙullutun ruwa ya fito wa ɗaya ya girma, musamman ya wuce santimita 5, nauyinsa yakan sa ta juya. Yana samun budurwa, yana samun mai juna biyu, yana samun mai shan maganin neman haihuwa. Alamarsa ciwon mara na gefe ɗaya mai zuwa farat ɗaya tare da amai, wani lokaci ya lafa ya dawo. Idan an je da wuri ana warware ta a bar wa mace abinta.

Na biyu, marainan yara maza, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 12 zuwa 18. Yaro zai farka cikin dare da azababben ciwo a maraina ɗaya, ko ya ce miki mararsa ke ciwo saboda kunya ta hana shi faɗin ainihin wurin. Idan aka yi aiki cikin awa 6, kusan 9 cikin 10 ana ceto ƙwan, idan kuwa ya kwana ya wuni da wuya a same shi da rai. Don haka duk ɗanki matashi da ya yi kukan ciwon mara da amai, ki sa mahaifinsa ko yayansa ya tambaye shi a keɓe ko ƙasa ne ke ciwo.

Na uku, hanjin jariri. Jaririn da ya yi amai kore shar kamar ruwan ganye, musamman a watansa na farko, wannan ba tumbuɗi ba ne, hanji ne ake tsoron ya murɗe ko ya toshe, kuma ko arba'in ba ki yi ba sai a fita da shi a ranar. Akwai kuma wanda hanji ke zurmawa cikin ɗan uwansa, yawanci daga wata 3 zuwa shekara 3. Yaro zai tsandara kuka ya naɗe ƙafafu, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sake, daga baya ya yi kashi mai jini da majina. Mu kuma sai mu ce haƙori ne ko atini.

Na huɗu, babban hanjin dattawa, ya fi samun maza. Ciki ya kumbura tim kamar ganga, ba bayan gida, ba ko tusa. A nan ne ake ɗura wa tsoho maganin wankin ciki, alhali ƙofa a rufe take, sai a ƙara wa hanjin nauyin da zai fasa shi.

Bayan waɗannan akwai biyu da ba murɗewa ba ne amma gaggawarsu ɗaya. Akwai cikin da ya zauna a wajen mahaifa: mace ta yi ɓatan wata, sai ciwon mara, da ɗigon jini, da jiri ko suma. Wannan jini ne ke zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Akwai kuma hudewar hanji da taifot ke yi, yawanci a mako na 2 ko na 3 na zazzaɓi, inda cikin yaro zai ƙame kamar katako ya ƙi yarda a taɓa. Likitocin tiyatar yara na Zariya sun daɗe suna fama da wannan, kuma abin da suke ta nanatawa shi ne ana kawo yaran a makare.

LAIFIN DA NI MA NA YI

Ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba. Shekarun baya ina koyar da ajin 'yan mata da yamma, sai na ga wata ɗalibata 'yar shekara 14 ta duƙe ta dafe mararta ta dama, zufa na karyo mata, ta fita ta yi amai sau biyu. Abin da na ce mata, wallahi har yau yana yi mini ciwo: "Je ki gida ki sha ruwan ɗumi, ciwon mara ne na 'yan mata."

Ta je gida. Mahaifinta ya bi motar rake zuwa kudu, wayarsa ba ta shiga. Mahaifiyar ta jiƙa mata kanwa, da dare ya yi aka kira wani mai kemis ya yi mata allurar kashe zafi, ciwon ya lafa ta yi barci, kowa ya ce alhamdu lillahi. Da asuba ya dawo fiye da na jiya. Mahaifiyar ta so fita da ita, amma ta ce ba ta taɓa taka ƙofar gida ba da izinin malam ba. Kakar yarinyar kuma ta ce a rufa wa kai asiri, budurwa da ciwon mara da amai idan aka gan ta a asibiti me mutanen gari za su ce? Haka aka ƙara kwana. Sai a rana ta 3 da kawunta ya shigo ya ga idanunta sun faɗa, ya ɗauke ta ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. A asibiti aka yi sikanin aka tura su Shika, a daren aka yi mata aiki. Ma'ajiyar ƙwanta ta dama ce ta murɗe, ta riga ta mutu, dole aka cire.

Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, kuma ta hagun lafiya lau take, guda ɗaya kuwa ta isa mace ta haihu. Amma da mahaifin ya dawo ya ji labari, abin da ya fara cewa matarsa shi ne, "Haba, ke kuwa wa ya ce ki jira ni?" Kin ji fa. Kwana biyu aka yi ana jiran izinin da mai shi bai taɓa tunanin hanawa ba. Da na sani ƙeya ce, kuma rabona a cikinta yana nan, tunda ni ce babbar da ta fara ganin yarinyar.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Yawancin ciwon ciki na ɓacin ciki ne ko na al'ada, yana wucewa da kansa, ba na ce kowace murɗa a ruga asibiti ba. Amma idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, to a tashi:

1. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko wanda ya yi awoyi yana ƙaruwa.
2. Ciki ya ƙame, ko mai ciwon ya kwanta shiru ba ya son motsi, ko tari ma yana ƙara masa zafi.
3. Amai kore, ko mai jini, ko wanda ya ƙi tsayawa.
4. Kumburin ciki tare da rashin bayan gida da tusa.
5. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin.
6. Jiri, suma, sanyin hannu da ƙafa, ko ɗashewar ido da tafin hannu.
7. Ciwon mara ga wadda ta yi ɓatan wata ko mai juna biyu.
8. Ciwo ko kumburin maraina ga yaro.

Sannan ki kiyaye da lafawar yaudara. Wani lokaci idan naman ya gama mutuwa ko afendis ya fashe, zafin yakan ragu na 'yan awoyi kafin ya dawo da zazzaɓi da kumburi. Idan ciwon ya lafa amma mai shi yana ƙara galabaita, ba sauƙi ba ne.

ABIN YI KAFIN A ISA ASIBITI

Kada ki ba shi abinci ko abin sha, ko da koko ne, ko da ruwan rubutu ne. Na san wannan yana da nauyi a zuciyar uwa, amma idan za a sa wa mutum maganin barci ana son cikinsa ya kasance ba komai, yawanci awa 6 ba abinci, domin kada ya yi amai yana barci ya koma masa huhu. Kofin kunun da kika ba shi don tausayi yana iya jinkirta aikin. Ƙishirwa kuma za a magance ta da ƙarin ruwa ta jijiya. Addu'a da tofi ki yi ta yi a hanya, ba su hana mota tafiya.

Kada a matsa cikin, kada a gasa shi, kada a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, kada a ba da maganin wankin ciki. Flagyl da Buscopan da allurar kemis ba sa warware abin da ya murɗe, sai dai su sa a ƙara kwana a gida. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen kuwa suna iya ƙara wa mai olsa rauni. A asibiti za a ba shi maganin zafin da ya dace yana ƙarƙashin kulawa.

Ki lura da lokacin da ciwon ya fara, da inda ya fara, da launin aman, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe. Idan mace ce ki san ranar al'adarta ta ƙarshe, ki kuma faɗi gaskiya, likita ba alƙali ba ne. Ki ɗauki kwalayen duk maganin da aka sha da tsofaffin takardun asibiti.

Ki nufi inda ake da likita da ɗakin tiyata. Ƙaramin asibitin mazaɓa yana da amfaninsa wajen awo da rigakafi, amma ba a fiɗa a can. Mutanen Paki da Auchan da Kurmin Kogi suna da babban asibitin Ikara, na Gimi da Gubuchi da Mayere suna da na Makarfi, na Likoro da Kudan suna da na Hunƙuyi. Idan suka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, to a karɓi takardar turawa a wuce kai tsaye, kada a koma gida a ce sai an yi shawara da safe. A tafi da 'yan uwa lafiyayyu biyu ko uku waɗanda za su iya ba da jini idan an buƙata.

MAGANA UKU DA ZA KI GAMA DA SU TUN ANA LAFIYA

Ta farko, izini. Ki samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, idan ba ka nan ciwo na gaggawa ya kama ni ko ɗaya daga cikin yara, ka yarje mini in fita asibiti?" Ki sa ya faɗa a gaban mahaifiyarsa ko ƙaninsa, ya kuma nuna wanda zai tsaya a madadinsa. Mazajenmu 'yan kasuwa ne da manoma, yau suna fadama, gobe sun bi tumatir Legas. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, kuma fita don ceton rai lalura ce. Haka nan idan ba a samu likita mace ba, ya halatta namiji ya duba gwargwadon buƙata, ke kuma ki nemi nas ko 'yar uwarki ta tsaya a wurin. A doka ma, mace baliga mai hankali tana da ikon sa hannu a takardar aikin da za a yi mata.

Ta biyu, tsoron tiyata. Mukan ce wance an shiga da ita ba ta fito ba. Ki bincika da kyau, sau da yawa za ki tarar sai da aka kwana uku ko huɗu a gida kafin a kai ta. Wannan ilimi kuwa ba baƙonmu ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a shekarar 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai kashi 30, kashin ƙarshe kacokan a kan fiɗa da zanen kayan aikinta, kuma Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. Neman magani yana cikin riƙo da sababi, ba ya rage wa mumina tawakkalinta.

Ta uku, kuɗi. Gaskiya ce tiyata tana da tsada, kuma rashin kuɗi yana cikin abin da ke zaunar da mutane a gida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, don haka a fara isa tukuna, wani ya tsaya nemo kuɗin magani da kayan aiki. Ki sa maigida ya tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kaduna, wato KADCHMA. Mu kuma mata da muke iya zubin adashin biki da na anko, me zai hana kowace ƙungiya ta ware asusun asibiti? A ajinmu mun fara, kowace Alhamis kowa ta jefa abin da ya sawwaƙa, kuma mun ajiye lambar direbobi biyu da suka yarda a tashe su ko tsakar dare ne.

Ina roƙon 'yan uwana malaman Islamiyya da na boko su ma su ɗauki darasi daga kuskurena. Yarinyar da ta duƙe tana zufa da amai, a raka ta gida a gaya wa uwarta baki da baki cewa asibiti za a kai ta. Ke kuma uwargida, ki karanta wa kishiyarki da surukarki da maƙwabciyarki wannan shafi, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, ya raya mana zuriya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan maganar yaye in sha Allahu.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum, Malamarku daga Makarfi.